Tenis a Matsayin Sana'a: Amsoshin Tambayoyinku Daga Gombe

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga wasan tenis, na fili mai raga a tsakiya, ba na tebur ba. Masu horar da 'yan wasa da alƙalan wasan ne suka amsa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa tara. Tunda ya ga tenis a talabijin ya hana mu sakat, har katako ya sassaƙa yana dukan ƙwallo a bangon gida. Ta ina ake farawa, kuma bai makara ba?
*Wani mahaifi, Jekadafari*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bai makara ba, amma babu sauran lokacin ɓatawa, don yawancin waɗanda yake gani a talabijin kafin shekara takwas suka fara. Bangon nan kada ku hana shi. A ja masa layi da alli a tsayin santimita 91 daga ƙasa, tsayin raga ke nan a tsakiyarta, ya riƙa aika ƙwallo sama da layin.

Abin da ya fi ɓata yara a nan shi ne a miƙa musu raket ɗin manya da ƙwallo mai ruwan ɗorawa. Raket ɗin manya inci 27 ne, nauyinsa wajen giram 300. Yaro mai shekara tara inci 25 ya dace da shi, ƙanana 21 ko 23. Ƙwallon koyo kuma iri uku ne: ja ga 'yan ƙasa da takwas a ƙaramin fili mai tsawon mita 11, mai ruwan lemo ga 'yan takwas zuwa goma a fili mai mita 18, sai mai kore a cikakken fili mai mita 23.77. Dukkansu ba su kai ta manya gudu da tashi ba, kuma tun 2012 hukumar tenis ta duniya, ITF, ta hana amfani da ta manya a gasar 'yan shekara goma zuwa ƙasa. Dalili a fili yake. Ƙwallon manya idan ta faɗi a siminti tana tashi sama da kafaɗar yaro, sai ya murɗe hannu ƙarƙashin mariƙi yana cilla ta sama don kawai ta tsallake raga. Da wannan hannun zai girma.

Ka sa ido a kan yadda ake koya masa sabis, wato bugun da ake buɗe wasa da shi. Ana riƙe raket ne kamar gatari, bakinsa na fuskantar ƙwallo kamar za a sare ta, sai daf da duka damtse ya juya fuskar raket ta same ta. Da wuya a farko, ƙwallo za ta yi ta fita gefe har makonni. Shi ya sa wasu masu koyarwa ke barin yaro ya riƙe raket a shimfiɗe yana tura ƙwallo. Mai wannan riƙon zai ci kofi yana shekara goma, amma a sha biyar ba shi da sabis na biyu mai juyi, wanda ake yi in na farko ya ɓaci, kowa zai tsaya ya jira shi ya dake. Gyaran a wannan shekarun yakan ci shekara guda, wani ma ba ya gyaruwa.

Awannin atisaye a mako kada su wuce adadin shekarunsa, kuma a bar masa kwana ɗaya ko biyu na hutu. Ƙwallon ƙafa ba abokiyar gaba ba ce, tana gina ƙafa da numfashi, a bar shi ya buga har wajen shekara sha biyu. Sai wani abu da ba na fili ba: ka karɓo masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun yanzu, kuma ranar da ke jikinta ita za ta shiga fasfo da takardun makaranta. Gasar yara duk da shekaru ake raba ta, kuma takardu masu karo da juna sun isa su rufe masa ƙofa.

Tambaya: Shekarata sha shida, a tsarata ba wanda ke cin ni a garin nan. Yaya zan shiga jadawalin duniya?
*Ɗan wasa, Tudun Wada*

Amsa: Ƙanena, cin kowa a gari yana nufin garin ya yi maka kaɗan, ba wai ka isa ba. Ɗan wasan da ba a cinsa ba ya ƙaruwa. Ka nemi inda za ka ci biyu a ci ka ɗaya.

Tsanin yana da matakai, kuma ba a tsallake su. Na farko gasar cikin gida ƙarƙashin Hukumar Tenis ta Najeriya: gasar CBN da Babban Bankin Najeriya ke ɗaukar nauyi, gasar Dala Hard Court a Kano, da wasannin ƙasa inda za ka wakilci jiha. A nan masu zaɓen 'yan wasan ƙasa ke ganin mutum.

Na biyu gasar matasa ta ITF, daga shekara 13 zuwa ƙarshen shekarar da mutum ya cika 18. An jera su da makin da zakara ke samu: J30 ita ce ƙarama, sai J60, J100, J200, J300, J500, sannan ɓangaren matasa na manyan gasa huɗu. Kafin ka shiga ko ɗaya sai ka yi rajista a intanet ka sami lambar IPIN, wato lambar shaidar ɗan wasa ta ITF. Ana rufe shiga gasa kusan mako uku kafin a fara, kuma wanda ya janye bayan wa'adi ko ya ƙi zuwa ana hukunta shi. Tunda ba ka da maki, za ka fara daga wasannin share fage, kuma a nan mutane ke asarar kuɗin mota a banza: sai ka sa hannu a wurin alƙalin gasa ranar jajibiri kafin lokacin rufewa, yawanci ƙarfe shida na yamma. Motar Gombe zuwa Abuja ta tsaya a hanya ka iso bakwai, sunanka ba ya cikin ƙuri'a. Ka tafi da kwana biyu a hannu, ka saba da filin da irin ƙwallon da za a buga.

Na uku gasar manya mafi ƙanƙanta, M15 da M25 ga maza, W15 zuwa W100 ga mata. A M15 mutum 32 ke ainihin gasar. Cin wasa ɗaya a cikinta yana ba ka maki ɗaya na ATP, hukumar gasar ƙwararrun maza, kuma da wannan makin sunanka ke shiga jadawalin duniya, can ƙasa sosai. Zakara 15 yake samu. Daga nan sai gasar Challenger, mai maki 50 zuwa 175, sai ATP 250, 500, 1000, sai manyan huɗu da zakara ke kwasar 2,000: Ostareliya a Janairu, Roland Garros a Faris a jar ƙasa, Wimbledon a ciyawa, sai ta Amurka a New York.

Makin ba na ajiya ba ne. Kowanne makonni 52 yake rayuwa ya faɗi. Wanda ya ci kofi a Maris ɗin bana, in bai maimaita irinsa ba kafin Maris ɗin baɗi, zai zame ƙasa ko da bai yi laifin komai ba. Shi ya sa ciwon wata huɗu ke iya rushe aikin shekara biyu. Amfanin matakin matasa kuma shi ne, ana ware wa waɗanda ke cikin 100 na farko a duniya gurabe a gasar M15, ba sai sun bi ta share fage ba. Saura maka shekara biyu a wannan matakin, su ne mafi tsada a rayuwarka ta wasa.

Tambaya: Muna jin ana ambaton miliyoyin daloli. Shin da gaske tenis na ciyar da mai ita? Ƙanena ke nema in ɗauki nauyinsa.
*Ɗan kasuwa, Herwagana*

Amsa: Alhaji, miliyoyin gaskiya ne, amma a ƙololuwa suke. A gasar Amurka ta 2024, wanda aka cire a zagayen farko ya tafi da dala 100,000, zakara kuma miliyan 3.6. A Wimbledon ta 2025 zakara fam miliyan uku ya karɓa. Sai dai kujerun 128 ne kacal: kusan 104 bisa matsayi a jadawali, 16 daga share fage, takwas na alfarma da masu gasa ke rabawa, galibi ga 'yan ƙasarsu.

Yanzu mu sauko inda ƙanenka zai fara. Sunan M15 daga dala 15,000 ya fito, kuma wannan jimillar kuɗin da duk 'yan gasar za su raba ne. A wannan lissafin zakara dala dubu biyu da 'yan kai yake samu bayan ya ci wasa biyar, wanda aka cire a zagayen farko kuma bai kai 200 ba, ƙasar da aka yi gasar ta kuma cire harajinta. Jirgi, biza, otal, abinci, ɗaurin igiyar raket, duk daga aljihunsa. Ba kulob ba ne kamar ƙwallon ƙafa da za a biya shi albashi ko a yi masa magani. Shi ne kamfanin, shi ne ma'aikacin, shi ke biyan koci in yana da shi. Sai a matakin Challenger ake tabbatar wa 'yan ainihin gasa masauki.

ITF ta yi nazari a kan lissafin shekarar 2013, ta gano kusan rabin masu buga gasar ƙwararru ba su ci ko dala ɗaya ba, kuma namiji sai ya kai wajen na 336 a duniya, mace na 253, kafin abin da ya shigo ya rufe abin da ya fita, ban da kuɗin koci. An ƙara kuɗi tun daga lokacin. A 2024 ATP ta fara lamunce wa 250 na farko mafi ƙarancin kuɗin shiga. Amma ƙasa da nan labarin bai sauya sosai ba.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin nauyi: irin waɗannan gasa ba su da yawa a Yammacin Afirka. Monastir a Tunisiya da Sharm el-Sheikh a Masar ne ke yin su kusan mako-mako. Dabarar rage asara ita ce a sayi tikiti ɗaya a zauna mako uku ko huɗu a wuri guda, a raba ɗaki da wani, a buga wasan mutum biyu-biyu don ƙarin wasa. Shawararmu: kada ka ɗauki wannan a matsayin jarin da zai dawo. Ka yanke adadin da za ka iya rasawa, ka sa wa'adi da ma'auni, misali in bayan shekara biyu bai fara wuce zagaye na biyu a kai a kai ba a sake lale. Kuma kada a cire shi daga makaranta, amsa ta gaba za ta nuna dalili.

Tambaya: 'Yata shekara sha uku, malaminta ya ce tana da hannu. Damuwata sutura, da karatu, da abin da zai biyo baya in ta yi aure.
*Wata uwa, Bolari*

Amsa: Hajiya, a kan sutura babu dokar tenis da ta ce sai da gajeren siket. Tun 2019 hukumar mata, WTA, ta rubuta a dokokinta cewa ana iya buga wasa da dogon wando na wasanni, kuma riga mai dogon hannu ba laifi ba ce. Abin lura shi ne yadin: mara nauyi, mai fitar da zufa, ɗankwali ko hijabi kuma wanda ba zai zame ya rufe ido ba lokacin sabis.

Ba za ta iya shiga gasar manya ba sai ta cika 14, kuma daga nan ana ƙayyade mata adadin gasa kowace shekara har ta kai 18. An kafa wannan ƙa'ida a 1995 bayan an ga yadda 'yan mata ke ƙonewa da wuri, irin su Jennifer Capriati da ta shiga gasar manya kafin ta cika 14. Don haka babu gaggawar da za ta sa a ajiye littafi.

A ganinmu, ga yaro ko yarinya daga Gombe, hanya mafi tabbas ita ce jami'ar Amurka. Jami'o'in suna da ƙungiyoyin tenis, suna ba ɗan wasa tallafin karatu, koci, likita, raket da tafiye-tafiye na shekara huɗu, kuma guraben mata sun daɗe suna fin na maza. Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983 ya kuma hau na 52 a duniya, ta Jami'ar Houston ya bi. Mayar Sherif ta Masar ta yi Jami'ar Pepperdine kafin ta ci kofin WTA a Parma a 2022. Kevin Anderson na Afirka ta Kudu daga Jami'ar Illinois ya fito ya kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2018. Wanda bai zama ƙwararre ba ya dawo da digiri.

Abin da kociyoyin can ke dubawa: sakamakon WAEC ko NECO mai kyau da rahoton makaranta na shekarun sakandare, jarrabawar Turanci inda aka nema, sakamakon gasar ITF, ma'aunin UTR da ke auna ƙarfin ɗan wasa daga 1 zuwa 16.5, da bidiyon wasa na gaske, ba na atisaye da aka yanke kurakurai ba. A ɗora wayar a bayan fili, a sama, yadda za a ga inda kowace ƙwallo ta faɗi. Tarkon da ke kama 'yan Afirka shi ne jinkiri: a rukunin farko na hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, wata shida ake ba ɗan tenis bayan gama sakandare, in ya ci gaba da buga gasa bayan nan ba tare da shiga jami'a ba sai a fara zaftare masa shekarun wasa. A fara aika wasiƙu tun tana aji biyu na babbar sakandare.

Aure da haihuwa ba sa rufe sana'ar. Kim Clijsters ta ci gasar Amurka a 2009 tana da 'ya, kuma WTA na adana wa mai jego matsayinta na shiga gasa idan ta dawo. Ons Jabeur ta Tunisiya da aurenta ta kai ta biyu a duniya a 2022. Tafiya dai ba ta raguwa, don haka tun yanzu a tsara wanda zai riƙa raka ta daga gida.

Tambaya: Zafin Maris da Afrilu, ga azumi. Yaya ake atisaye?
*Mai horar da yara, Kumo*

Amsa: Malam, idan iska ta kai digiri 40, simintin fili ya fi haka nesa. Aiki mai nauyi daga bayan asuba zuwa tara, na yamma bayan la'asar sakaliya. Ka auna nauyin ɗan wasa kafin da bayan atisaye: kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta zufa, a mayar da lita ɗaya da rabi a hankali, da ɗan ruwan gishiri da suga, don ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya fita. Yaron da ya fara jiri, amai ko magana ba kan gado a fitar da shi inuwa, a kwara masa ruwan sanyi, a kai asibiti. Ku yi wa kowane yaro gwajin sikila. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, yana wasa lafiya, amma gudu ba hutu cikin zafi da ƙishi na iya kayar da shi.

Da azumi a rage nauyi, ba a daina ba: awa ɗaya kafin magariba a yi sabis da gyaran hannu, gudu da wasan gaske kuma bayan tarawihi in akwai fitila. Hukuncin wanda gasa ta kama a tafiya na malamai ne. Da hunturu a share fili kafin a fara, ƙurar da ke kwanciya a siminti ita ke gurɗe idon sawu.

Tambaya: Na fara buga gasar waje. Wani ya turo min saƙo a Instagram zai ba ni dala in bar seti ɗaya kawai, ba wasan duka ba. Kuma ina shan magani saboda ciwon kafaɗa.
*Ba a sa suna ba, Gombe*

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka amsa, kada ka goge saƙon. Ka ɗauki hotonsa ka kai rahoto ga ITIA, hukumar da ke kula da gaskiyar wasan tenis, ko ga alƙalin gasar. Rashin kai rahoto shi kansa laifi ne ko ba ka karɓi sisi ba, kuma suna da ikon neman wayarka. Seti ɗaya, gem ɗaya (ƙaramin kaso a cikin seti), ko kuskuren sabis ɗaya da gangan, duk sayar da wasa ne, hukuncinsa na kaiwa korar har abada. 'Yan caca ƙananan gasa suke bi don sun san abin da suke tayawa ya fi kyautar zakara. Wanda ya karɓa sau ɗaya kuma ya shiga hannunsu, da wannan shaidar za su riƙa juya shi. Kai kanka an hana ka yin caca a kan kowane wasan tenis, ko na Wimbledon ne.

Maganin kuma, wanne ne? In tramadol ne, tun 1 ga Janairu 2024 yana cikin jerin abubuwan da aka haramta lokacin gasa. Haka dexamethasone da prednisolone na sha ko na allura, da wasu magungunan mura masu pseudoephedrine idan ya wuce ƙima. Ƙa'idar ita ce abin da aka samu a fitsarinka kai ke da alhakinsa, "mai kemis ne ya ba ni" ba hujja ba ce. Jannik Sinner yana na ɗaya a duniya ya sha dakatarwar wata uku a 2025, bayan maganin da mai yi masa tausa ya fesa a yatsansa ya shiga jikinsa. Haɗe-haɗen kwalba da garin ƙara ƙarfi da ba a san abin da ke ciki ba a bar su. In likita ya ga dole sai haramtaccen magani, akwai izini na musamman da ake nema kafin a sha. Kafaɗar kuma ba ƙwaya take so ba: a rage yawan sabis, a duba riƙo, a ƙarfafa naman bayan kafaɗa da robar ja, a sassauta igiyar raket da kilo ɗaya ko biyu in ta roba mai tauri ce.

Tambaya: Shekarata 24, na fara bara. Akwai sauran dama?
*Malamin makaranta, Kaltungo*

Amsa: Malam, ta shiga jadawalin duniya babu. Tsaranka da ke can sun yi shekara goma sha biyar suna wannan aikin. Amma tenis ba 'yan wasa kaɗai take ɗauka ba. Akwai kwas na koyarwa mai matakai da ake yi ta hannun hukumar ƙasa, kuma na farkonsa kan koyar da yara ne da ƙwallon ja da mai ruwan lemo, wanda ya dace da mai aji a hannu irinka. Ana iya zana ƙananan filaye da yawa a farfajiyar makaranta da fenti da igiya. Akwai alƙalanci: ana farawa daga kan layi a gasar gida, sai farar lamba, sannan tagulla, azurfa da zinariya, waɗanda ke kai mutum kujerar manyan gasa. Akwai kuma ɗaurin igiyar raket. Ɗan wasa mai ƙarfi na iya tsinka igiya a 'yan kwanaki, ana ɗaure ta ne a kan inji tsakanin kilo 22 zuwa 27, kuma aikin raket ɗaya bai wuce minti arba'in ba ga wanda hannunsa ya faɗa. Duk inda ake gasa ana neman mai wannan injin tun ranar jajibiri.